Itatuwan Turaren Bayan Laburare

Malama tana sunkuye a kan zanen wata ɗaliba, jan fensir a hannunta, sai ta ji ɗakin zane ya yi tsit. Ta ɗago kai. Wani mutum ne tsaye a bakin ƙofa cikin kwat da ta ɗan matse shi a ciki, yana rungume da nannaɗaɗɗiyar takarda, fuskarsa kamar ta wanda ya zo ta'aziyya bai san ta inda zai fara ba.

"Magogi!" in ji ta. "Kai ne da tumbi haka?"

Ɗalibai suka tuntsire da dariya, mutumin ya rusuna ya gaishe ta. Tsohon ɗalibinta ne. Sunan ya samo asali ne tun yana aji ɗaya, don ba ya jan layi sai ya goge shi, ya sake ja, ya sake gogewa, har takarda ta huje. Yanzu yana da ofishinsa da ma'aikatansa, furfura ta fara leƙowa a gefen kunnensa, amma a gabanta har yanzu ɗalibi ne.

Sana'ar da ta koya masa ita ce tsara fili. Idan masu zanen gini sun gama nasu, akwai abin da ya rage tsakanin gini da gini: inda ruwan sama zai bi, inda za a dasa itace, inda ƙafa za ta taka, inda tsoho zai zauna ya huta. Wannan ne aikinta. Ba shi ta yi niyya ba da farko. Zanen gine-gine ta karanta, ta shiga wani babban ofishi tana mafarkin benaye. Da yake ita ce ƙarama, manya suka raba ginin sabon laburare a tsakaninsu, ita kuma suka miƙo mata filin bayansa, wata fadama mai taɓo wadda kwaɗi da sauro suka mayar gidan gado. Ta yi fushi, ta sa takalmin roba ta shiga taɓon don ta gama ta huta. Shigar da ba ta fito ba ke nan. Ta dasa jerin itatuwan turare masu shan ruwa kamar raƙuma, suka tsotse fadamar, ta shimfiɗa hanyar tubali da matakala, ta jera kujerun siminti. Mahaifiyarta takan ce wa maƙwabta, "'Yata dai ta yi karatu mai zurfi, ta dawo tana shuka ciyawa." Daga baya ta koma makaranta ta karanci tsara fili sosai, ta yi harabar asibitoci da makarantu da wuraren shaƙatawa, har jami'a ta kira ta koyarwa. Amma lambun bayan laburare shi ne ɗan farinta, shekaru talatin da ɗoriya.

Ta ja Magogi zuwa ofishinta, ta kwashe tukwanen shuka daga kan kujera ta ce ya zauna. Ya tambayi Likita, wato mijinta. Ya tambayi yara da jikoki. Ya tambayi gwiwarta. Da ya fara tambayar lafiyar motarta sai ta katse shi.

"Ruwa ba ya tsami banza. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Malama, hukumar laburare ce ta ba ni aiki." Ya gyara riƙon takardar. "Lambun baya. Suna so a sake shi."

"Madalla. Ai ya tsufa."

"Itatuwan ne matsalar. Saiwarsu ta fasa bututun ruwa, ta ɗaga hanya, ta fara taɓa harsashin ginin. Kwanaki wani reshe ya faɗo a kan kujera, Allah ya tsare babu kowa a kai. Masu duba itace sun ce cikin wasu ya ruɓe. Ga kuma masu keken guragu, ba sa iya sauka saboda matakalar." Ya sunkuyar da kai. "Na ce ba zan taɓa ko ganye ba sai na zo na gaya miki."

Malama ta yi dariya, ta ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. "To sai me? Itace ne, ba 'ya'yana ba ne. Je ka yi aikinka, ɗana. Allah ya taimaka."

Da yamma Likita ya fito tsakar gida ya same ta tana ba wata fulawa ruwa. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, ya saba gane ciwo tun kafin mai shi ya buɗe baki. Ya tsaya yana kallon ruwan yana cika tukunya, yana zuba, yana bin ƙasa har ya kai ga silifas ɗinsa.

"Sarauniyar ciyawa, fulawar nan kifi ce?"

Ta yi firgigit ta janye bututun. Ta ba shi labari a taƙaice, ta ƙare da cewa ita ko a jikinta.

"Haka ne," in ji shi. "Duk wanda ya zauna a kujerata ya ce haƙorin ba ya ciwo, shi ne wanda zai fi kowa ihu."

"Kai dai komai haƙori."

"Ke kuma komai itace. Zo ki sha shayi."

Washegari, a kan hanyarta ta zuwa jami'a, motarta ta bi ta laburare, alhali ba hanyarta ba ce. Ta tarar da Magogi da ma'aikatansa suna awo. Itatuwan sun yi tsawo har sun wuce rufin ginin, ɓawonsu na saluɓewa, ƙamshin ganyensu ya cika wurin. Ta dafa ɗaya. Ta tuna ranar da ta ɗauko shi daga bayan mota da hannu ɗaya, bai kai tsawon sandar tsintsiya ba.

"Wucewa nake yi," in ji ta. "Ba zan sa baki ba. Sai dai wannan na kusurwa, ai lafiyarsa ƙalau, ko?"

"Ƙalau yake, Malama."

"Ni dai tambaya na yi."

Bayan kwana biyu ta sake wucewa. Wannan karon ta lura cewa biyun da ke kusa da ƙofa ma ba su da laifi. A mako na gaba ta zo da biskit ga ma'aikata, ta ambata, a cikin hira kawai, cewa akwai dabarar tare saiwa da bangon siminti a ƙarƙashin ƙasa, ba sai an sare itace ba. Kullum Magogi yana cewa, "To, Malama," yana gyaɗa kai. Kullum kuma idan ta tafi sai ya koma ofis ya sake zane. Hukumar laburare ta fara kiransa a waya tana tambayar abin da ya tsayar da aiki.

Rannan sai ya kawo mata zanen har jami'a don ta sa albarka. Ya tarar da aji a cike, ta ce ya manna shi a allo kowa ya amfana. Ya manna. Duk itatuwan suna nan, ba a taɓa ko ɗaya ba. Hanyar masu keke ta fito daga ƙofa, ta kauce wa wannan saiwa, ta zagaye waccan, ta lanƙwasa, ta dawo, kamar maciji ya sha duka. Wurin wasan yara ya maƙale a wani lungu mai duhu kusa da bututun da ya fashe.

Malama ta ji daɗi ya ratsa ta da ta ga itatuwanta tsaye. Ta buɗe baki za ta yaba, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu daga baya. 'Yar Tambaya ake ce mata, ƙaramar yarinya mai katon tabarau, wadda ba a taɓa gama darasi ba ta tsayar da shi ba.

"Yallaɓai, don Allah, wa aka yi wa lambun nan?"

"Masu zuwa karatu," in ji Magogi.

"To na ga kamar itatuwan aka yi wa. Mai keke kafin ya kai kujera ai an rufe laburaren."

Wasu suka ƙunshe dariya. Magogi ya ciro hankici ya goge wuya, ya saci kallon Malama. Kallon nan ne ya gaya mata komai. Ta san kallon tun yana aji ɗaya: kallon ɗalibin da ba ya neman abin da ya dace, yana neman abin da zai faranta wa malaminsa rai. Ta sake duban zanen, wannan karon da idon aiki. Da ɗan aji biyu ne ya kawo mata shi, da tuni jan fensir ya yi masa kaca-kaca.

Ta sallami ajin. Da ɗakin ya rage su biyu, ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Wannan na nawa ne?"

"Na sha sakewa, Malama."

"Ina na farkon? Wanda ka zo da shi a nannaɗe ranar nan, ka koma da shi ba ka buɗe ba."

"Yana mota."

"Ɗauko."

Ya dawo da shi yana jan ƙafa. Ta shimfiɗa shi a tebur, ta danne kusurwoyinsa da kofin shayi da tukunyar shuka. Babu itacen turare ko ɗaya a ciki. Hanya ta sauko a hankali daga ƙofa, miƙaƙƙiya, mai faɗin da keke biyu za su wuce juna. Ruwan da itatuwanta suka yi shekaru suna shanyewa, shi bai yaƙe shi ba: ya haƙa masa wani ɗan kwari a tsakiya, ya cika shi da duwatsu da ciyayi masu son laima, yadda in an yi ruwan sama zai taru ya nutse a hankali. Ya jera ƙananan itatuwa masu faɗin inuwa nesa da ginin. Wurin yara yana daidai tagar ɗakin karatu, inda uwa za ta ɗago kai daga littafi ta hango ɗanta.

Ta daɗe tana bin hanyar da yatsa, tana komawa kwarin, tana dawowa.

"Wa ya ba ka dabarar kwarin nan?"

"Babu kowa. Na zauna ne a wurin ana ruwa, na ga inda yake son zuwa."

"Ni ban taɓa tunaninta ba," in ji ta. "A zamaninmu ruwa abokin gaba ne." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. "Magogi, kana da wannan a mota, ka zo ka manna min wancan macijin a allo a gaban yara?"

"Malama, kin ce na kusurwa lafiyarsa ƙalau."

"Na ce. Na kuma ce ba zan sa baki ba, ka ga na fasa? Tsohuwa ce ke kewar ƙuruciyarta, kai kuma ka biye mata. In likita ya biye wa majiyyaci, wa zai warke?"

"A nan na fara sanin akwai wannan sana'a," in ji shi a hankali. "Ina sakandare nake zuwa karatu a ƙarƙashinsu. Na tambayi mai gadi wa ya yi wurin, ya ce wata mata ce. Yanzu a ce ni ne zan sa musu zarto?"

Malama ba ta taɓa jin wannan ba. Sai ta ɗaure fuska don kada ya ga yadda maganar ta taɓa ta.

"To da wa kake so ya sa? Wanda bai taɓa zama a inuwarsu ba? Gara kai. Sun yi aikinsu, sun busar da taɓo, sun rene ka, sun tsufa. Kai wa hukuma wannan gobe. Kada ka canja ko ɗigo."

Ya nannaɗe takardar, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Na yi wani tunani. In an sare su, sai a yi benci da katakon, a manna ɗan allon ƙarfe da sunanki."

"Ka ga na mutu ne?"

"A'a, Malama, Allah ya ƙara nisan kwana."

"To riƙe allonka sai ranar. Katakon turare ma tsagewa yake yi, ka manta darasin aji uku? Fita min daga ofis."

Ranar saran, Likita ya ce ta zauna a gida. Ta ce ina, darasi ne, ba kullum ɗalibi ke ganin yadda ake kayar da babban itace a gefen gini ba. Ta kwashi ajin gaba ɗaya a motar jami'a. Likita ya biyo su a tasa, wai shi ma yana son ƙarin ilimi.

Masu saran suka hau da igiyoyi, suna sauke rassa ɗaya bayan ɗaya kafin su taɓa gindi. Malama ta tsaya bayan igiyar da aka tare hanya da ita, tana bayani da ƙarfi don muryarta ta rinjayi ƙarar zarto: dalilin fara sara daga sama, yadda ake zaɓar gefen da itace zai kwanta. Da aka kayar da na farko, ta kai ɗaliban suka ga cikinsa, rami ne baƙi wanda yaro zai iya shiga ya ɓuya. Ta sa kowa ya taɓa ruɓaɓɓen wurin da hannu.

Na kusurwa ne na ƙarshe. Shi cikinsa fari ne tas, ba ruɓa ko kaɗan, saiwarsa ce kawai ta shige ƙarƙashin ginin. Da ya yi ƙara ya kwanta, ƙasa ta girgiza, bayanin Malama ya tsaya a tsakiyar jimla. Ta juya baya tana laluben jaka. Likita ya miƙo mata hankici ba tare da ya dube ta ba.

"Garin katako ne ya shiga min ido," in ji ta.

"Na sani. Ni ma ya shiga nawa."

Magogi yana can gefe da hular kwano a kansa, ya kasa matsowa. Ta yafito shi. Da ya zo, ta kama hannun rigarsa ta juya shi wajen ginin. Rana ta faɗa a kan tagogin ɗakin karatu, waɗanda suka yi shekaru a duhu. A ciki mutane sun ɗago kai daga littattafai suna ƙifta ido, wata ma'aikaciya tana zagayawa tana kashe fitilu.

"Ka gani?" in ji ta. "Je ka ci gaba da aikinka. Ba za ka sake ganina a nan ba sai ka kira ni."

Ta cika alkawari, ko da yake Likita ya ce sau da yawa sai ya riƙe sitiyari da hannu biyu in sun zo mahaɗar laburare, don motar da kanta take son karkata.

Bayan damina ta wuce Magogi ya kira. Ta ce za ta zo, amma da sharaɗi: da ɗalibanta za ta zo, kuma za su yi wa aikin filla-filla kamar yadda ake yi wa na kowa. Suka tarar da lambun ɗanye shar. Itatuwan ƙanana ne, an ɗaure kowanne da sanda, inuwarsu ba ta fi faifai ba. Kwarin ya cika da ciyayi, mazari na shawagi a kai. Wani dattijo ya gangaro a keken guragu shi kaɗai, ba mai tura shi, ya wuce su yana waya.

Ɗaliban ba su raga masa ba. Ɗaya ya ce kujerun sun yi nisa da juna. Wata ta ce kwandon shara ya tsaya a inda ido ke fara sauka. 'Yar Tambaya ta zauna a kan wani benci ta miƙe da sauri, ta ce ƙarfen hannunsa ya yi zafi, wa zai zauna a nan da rana tsaka kafin itatuwan su girma? Malama ta naɗe hannu ta zuba ido, tana jiran ta ga ya fara "to, to" yana neman hankici.

Bai nema ba. Ya amsa cewa maganar kwandon shara gaskiya ce, za a matsar da shi. Kujerun kuwa da gangan ya raba su, don mai karatu ba ya son hirar maƙwabci. Batun rana, ya nuna musu ramukan da aka bari a gefen kowane benci: za a kafa rumfar katako a ja mata shuka mai yaɗo, ta riƙe wurin kafin itatuwa su karɓa. Sannan ya juya ga 'Yar Tambaya ya ce, in ita ce, da wane abu za ta yi hannun bencin? Yarinyar ta buɗe baki, ta rufe, ta ce sai ta yi tunani. Ajin ya yi shewa, don ba a taɓa ganin an mayar mata da tambaya ba.

A hanyar komawa mota Malama ta rage sauri saboda gwiwa, Magogi ya ba ta hannu ta dafa.

"Ranar Laraba da safe me kake yi?"

"Ofis, Malama."

"Ofis ba zai gudu ba. Ina da darasi da 'yan aji biyu, tsayuwa ta fara gagarata. Na yi magana da shugaban sashe, ya amince. Za ka riƙa ɗaukar su."

Ya tsaya cak. "Ni? Ban taɓa koyarwa ba."

"Yanzun nan me ka gama yi?"

Larabar farko ya zo tun kafin mai shara ya buɗe ɗakin. Malama ta gabatar da shi a taƙaice, ta ɗauki jakarta ta koma ofishinta da ke jikin ɗakin zane, ta bar ƙofa a ɗan buɗe. Da farko muryarsa ƙasa-ƙasa take, sai ta ji an ja kujeru, an fara gardama a kan gangaren wata hanya, wani ya yi dariya, muryarsa ta ɗaga tana neman a yi shiru ɗaya ya gama magana. Ta saurara har shayinta ya huce. Sau ɗaya ta miƙe za ta shiga, don ta ji ya faɗi wani abu da ita ba haka take faɗarsa ba, sai ta koma ta zauna. Daga nan ta tura ƙofar a hankali ta rufe, ta ɗauki waya ta kira Likita, ta ce in ba abin da yake yi ya zo ya ɗauke ta, yau da wuri ta tashi.